Sau uku ana ɗura wa motata gas ɗin esi, yanzu ina so in riƙa yi da kaina a gida

Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a Kano, ina da mata da jariri ɗan wata biyu. Bara na sayi Corolla 'yar Kwatano, ƙirar 2008. Da zafi ya shigo sai esinta ya daina sanyi. Yayan matata sana'arsa ke nan, gyaran esin mota, shi ya sa wurinsa na kai. Ya ɗura gas, kuɗin gas ɗin kawai ya karɓa. Ta yi sanyi kamar wata biyu, ta daina. Na koma aka sake, ta yi wata ɗaya. Na ukun ko sati biyu bai kai ba. Duk zuwan da na yi, cewa yake gas ne ya yi ƙasa. Ni kuma ina jin nauyinsa, ba na iya tsare shi da tambaya, kuma in na kai wani gareji labari zai je masa, maiɗakina ba za ta ji daɗi ba. Na ga a waya yadda mutanen Amurka ke sayen gas a gwangwani da ɗan tiyo mai geji, su ɗura da kansu a ƙofar gida. Ina so in saya in riƙa yi ba tare da kowa ya sani ba. Don Allah yaya ake yi? Sannan a ganinka cutata yake yi?

Wani mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da ƙaruwa, Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Wata biyu, wata ɗaya, sati biyu. Wannan lissafin da ka kawo ya fi duk sauran wasiƙar magana. Motarka yoyo take yi, kuma hudar ƙara buɗewa take. Da taya ce, ka sha mata iska da safe ta sace da yamma, ba za ka ce bari ka sayi famfo ka ajiye a but ba, wurin mai faci za ka nufa. Abin da kake shirin yi da gwangwanin nan sayen famfo ne.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka gas ɗin esi kamar fetur yake, ana amfani da shi yana ƙonewa. A'a. Zagaye kawai yake yi a rufaffen bututu. Kwamfireso ya matse shi ya yi zafi, ya tura shi kwandensa, wannan faffaɗan abu mai saƙa da ke gaban lagireto. Iska ta huce shi a can ya zama ruwa, ya bi ta wata 'yar siririyar ƙofa ya fesu cikin ibaforeta, wadda ke ɓoye can bayan dashbod. A nan yake zuƙe zafin cikin mota ya sake zama iska, ya koma wa kwamfireso. Haka zai yi ta yi, ko Maiduguri za ka je ka dawo, ba abin da zai ragu. Dubi firij ɗin gidan iyayenka, shekara nawa yana aiki ba wanda ya taɓa ɗura masa komai? Bambancin mota shi ne tana da tiyon roba da mahaɗai da yawa, ga jijjiga, ga zafin inji, don haka takan rage kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Motar da ta yi shekara huɗu ko biyar sannan sanyinta ya ɗan ja baya, ba laifi a ƙara mata. Wadda ke shanye cikon a sati biyu kuwa ɗibar ruwa da kwando ake yi mata.

Kuma ba asarar kuɗin gas ce ta fi damuna ba. A cikin bututun nan akwai wani mai na musamman, ana ce masa PAG, gas ne ke ɗauke da shi ya kai wa kwamfireso. Duk ƙofar da gas ya fita, mai na biye da shi. Sau uku an cika motarka ta zubar, ka ƙiyasta man da ya tafi. Kwamfireso in ya rasa mai ba ya tsayawa salin-alin, cin kansa yake yi, ya watsa garin ƙarfe cikin bututu gaba ɗaya. Ranar da haka ta faru ba shi kaɗai za ka saya ba, har da kwandensa da diraya, wato matatar da ke tsotse laima, da bawul ɗin siririyar ƙofar nan, a kuma wanke sauran layin. Sannan in gas ya ƙare ƙarƙaf, iska da laima su ke shiga ta inda ya fita, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Man PAG kuwa zuƙar laima yake kamar gishiri a damina, ya lalace, ya fara cin ƙarfen ta ciki. Wani lokacin laimar ta daskare a bakin siririyar ƙofar nan, ka ga esi ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ka kunna ya dawo, kana ta zargin wayarin.

Tunda hannunka na ƙaiƙayi, akwai aikin da za ka iya yi a gida, kuma shi ya fi gwangwanin amfani. Da safe kafin inji ya yi zafi, mota a kashe, ɗaga bonet ka bi bututun esi da ido tun daga kwamfireso har inda suka shige jikin mota. Abin da kake nema shi ne wurin da ya yi danshin mai ƙura ta manne masa ya yi baƙi, alhali kewayensa a bushe. A wasu ƙasashe sai sun zuba wani rini mai ƙyalli sun haska fitila ta musamman kafin su ga wurin yoyo. Mu ƙurar Kano kan yi mana rabin wannan aikin kyauta. Leƙa kwandensa ta gaban mota da tocila, musamman kusurwoyinta na ƙasa. Ita ce ke karɓar tsakuwar hanya, kuma motocin da suka zo daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, sau da yawa da cinyayyiyar kwandensa suke isowa. Waɗanda aka yi karo da su a can aka gyara gabansu a nan, su ma nan ne rauninsu. Duba mahaɗan bututu, kowace tana da ɗan zoben roba a ciki, zafi na busar da shi. Duba gaban kwamfireso, in ka ga ya yi feshin mai a kewayensa, hatimin bakinsa ne ya gaji.

Sai wurare biyu da ake ɗura gas ɗin, masu murfin roba, ɗaya an rubuta L, ɓangaren ƙaramin matsi, ɗaya H, ɓangaren babban matsi. A cikin kowanne akwai ɗan bawul irin na bakin taya. Cire murfin, ɗiga ruwan omo, ka jira. In ya yi kumfa, ka yi dariya, domin abin da ya wahalar da kai wata uku bai kai kuɗin katin waya ba. Na sha ganin haka, musamman a motar da ake yawan jona mata geji. Sai dai ruwan omo ba ya nuna komai in babu sauran gas a ciki.

In ka duba ko'ina ba ka ga komai ba, zargi ya koma kan ibaforeta, kuma zan dawo kanta, don ina jin a nan maganar Yayanku take.

Ga masu karatu da esinsu ya rage sanyi ba don yoyo ba: ba kowane rashin sanyi ne gas ba. Yawancin motocin nan suna da matatar iska a bayan aljihun dashbod na gefen fasinja, akwai wanda tun da ya sayi motar bai san da ita ba, hunturu uku sun wuce a kanta ta toshe kamar bango. In kuma mota na sanyi a hanyar Zariya amma da an shiga cunkoson Kantin Kwari ta koma hura zafi, a duba fankar gaba, a wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi. Wani lokacin fis ne kawai. Kai dai taka ba wannan ba ce, tunda duk lokacin da aka ɗura tana amsawa.

Yanzu gwangwani. Abin da ka gani a waya gaskiya ne, a Amurka a kanti ake sayar da shi, kowa na iya ɗauka. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa tun 2007 aka hana irin gwangwanin da ba a sake cika shi. Amma abin da hoton bai nuna maka ba ya fi wanda ya nuna yawa.

A ƙarƙashin bonet ɗin motarka, ko a kan ƙarfen da ke saman lagireto, akwai wata 'yar takarda manne. Ita ce ke faɗin irin gas ɗin motar da nauyin da take ɗauka. Taka R134a ce. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 R12 suke sha, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbi kuma, musamman na Turai daga 2017, sun koma R1234yf. Ba a haɗa su. Nauyin kuma da giram aka rubuta shi, ƙananan motoci irin taka kusan rabin kilo ne, da ɗan sassauci na giram kaɗan sama ko ƙasa. Ka lura, nauyi aka ce, ba matsi ba. Gwangwanin da aka fi sayarwa giram 340 ne. To nawa ya rage a motarka kafin ka fara? Ba ka sani ba, kuma gejin da ke jikin tiyon ba zai gaya maka ba.

Ka tuna in ka je sayen gas ɗin girki. Mai shago ba ya jona wa tukunyarka geji, a sikeli yake ɗora ta. Dalili shi ne muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, matsin tukunya cikakkiya da wadda ta kusa ƙarewa kusan ɗaya ne, zafin gari ne ke ɗaga shi ko ya sauke shi. Haka R134a yake. Mota a kashe da tsakar ranar bazara, zafi ya kai digiri 40, geji zai nuna maka matsi wajen 130 a ma'aunin psi ko cike take ko saura kwata. In an kunna esi, ɓangaren L kan sauka tsakanin 30 da 50, H kuma ya haura 200, a zafinmu har ya taɓa 300. Mai sana'a yana kallon allura biyun tare, yana lissafa zafin ranar, yana taɓa bututu da hannu. Kai allura ɗaya gare ka, da launin kore da ja da aka zana ba da ranar Kano a zuciya ba. Wasu motocin ma kwamfiresonsu da kansa yake daidaita matsin L, kana ta ɗurawa allura na tsaye wuri ɗaya, kai kuma kana cewa ba ta ƙoshi ba.

Nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Mutum ya ɗauka yawan gas yawan sanyi, ya juye gwangwani biyu. Gas in ya yi yawa sanyin raguwa yake, matsin H ya yi sama, inji ya yi nauyi, fetur ya tafi, ruwan gas ya koma wa kwamfireso alhali iska aka ƙera shi ya matsa. Rabin ɓarnar da ake yi wa esi a gida ta cikawa fiye da kima ce.

Sai maganar abin da ke cikin gwangwanin. Rubutun jiki ba shaida ba ne. Ana cika gwangwani da tukunya da gas ɗin esin ɗaki, R22, wanda matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota kuma yana lalata robobinta. Ana cika su da dangin gas ɗin girki, wanda zai ba ka sanyi sosai, amma ka tuna ibaforeta a cikin ɗakin mota take, gaban gwiwar maiɗakinka, kuma motarka mai yoyo ce. A 2011 kwantenonin sanyaya kaya na jiragen ruwa sun yi ta fashewa a Biyetnam da Barazil har ma'aikata uku suka rasu, da aka bincika jabun R134a ne da aka gauraya da wani gas, R40, mai cin alminiyom. Manyan kamfanonin jiragen ruwa ke nan aka sayar wa jabu, balle ni da kai a bakin tebur. Wanda ya shekara yana sayen gas tukunya-tukunya ya san dilansa, in an ba shi gurɓatacce ya san ƙofar da zai buga. Akwai kuma gwangwanin da ake tallarsa da cewa yana toshe yoyo da kansa. Na san shi zai fi jan hankalinka. Kada ka kusance shi. Abin da ke ciki da laima yake daskarewa, kuma bai san bambancin huda da siririyar ƙofar bawul ba.

Duk da haka ka tambayi yadda ake yi, kuma gara ka ji daidai da ka koya rabi-rabi a waya. Ɗurin gida ya dace ne da mota ɗaya tak: wadda ba a taɓa kwance mata bututu ba, kwamfiresonta na kamawa, tana ɗan sanyi, shekaru ne suka rage mata kaɗan. A fili ake yi, ba a rufaffen gareji ko zaure ba, saboda inji zai yi ta aiki kuma hayaƙin salansa na kisa ba tare da an ji ba. A sa tabarau mai rufe ido da safar hannu. A tada mota, a ƙure sanyi da fanka, a buɗe tagogi. A nemo bakin L, yana kan bututun da ya fi kauri, wanda ke yin sanyi in esi na aiki. Kafin a jona, a ɗan saki gas ya kori iskar da ke cikin tiyon. A riƙe gwangwani a tsaye, kada a kifa shi, a matsa daƙiƙa biyar zuwa goma a saki, a jira allura ta zauna, a ji iskar da ke fitowa a ciki, a sake. In da sikelin kicin, a auna gwangwanin kafin da bayan, don a san giram nawa ya shiga. Da zarar iska ta yi sanyi, kakkauran bututun nan ya yi raɓa, a tsaya, ko da saura a gwangwani. In an sa kamar rabin gwangwani ba abin da ya canja, a tsaya, matsalar ba gas ba ce. In kwamfireso bai kama ba sam, kada a biye wa masu cewa a haɗa waya a tilasta shi, makunnin da ya hana shi tashi kare shi yake yi.

Bakin H kuwa ko da wasa. Masu ƙera mota sun bambanta girman bakunan biyu don kada tiyon gwangwani ya shiga H, amma mu ba a rasa mai dabarar da zai nemo mahaɗi. Matsin 300 in ya koma cikin gwangwanin da ke hannunka, fashewa zai yi. Kada a ɗumama gwangwani da wuta ko tafasasshen ruwa don ya yi saurin juyewa, kada a bar shi cikin mota a rana, kada a sha taba a wurin, domin gas ɗin in ya taɓa wuta guba yake zama. Shi kansa in ya fito fili a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa. Na taɓa ganin wani yaron gareji da tiyo ya kuɓuce masa, feshin bai fi ƙiftawar ido ba, yatsunsa biyu suka yi fari fat, washegari suka tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Da a fuska ne, da garin neman gira an rasa ido.

Ka ga duk wannan bayanin, ko ka bi shi harafi-harafi, bayan sati biyu kana nan inda kake. Kuma abin da kake zubarwa ba iskar banza ba ce, kilo ɗaya na R134a yana riƙe zafi a sararin sama kamar kilo 1,430 na hayaƙin kabon, shi ya sa ƙasashe suka amince a Kigali a 2016 za a rage shi. Mu da ke kukan zafin bazara bai kamata mu riƙa sakin rabin kilo duk wata ba.

Aikin da motarka ke buƙata ga shi, don ka san abin da za ka nema. A cika layin da iskar naitirojin, a bi shi da ruwan sabulu har a gano hudar. Naitirojin na ce. Akwai masu aron tukunyar iskar mai walda su gwada da ita, wannan ganganci ne, iskar oksijin in ta haɗu da mai cikin matsi bam ce. In an gano, a canja abin da ya lalace, a sa sababbin zobban roba, a canja diraya tunda ta sha laima. Sannan a jona injin zuƙe iska ya yi aƙalla rabin awa, a kashe a jira a ga ko allura za ta motsa. A mayar da man da ya tafi, irin wanda takardar ta ce. Daga nan a ɗora tukunya a sikeli a ɗura giram ɗin da aka rubuta. Wanda ya yi maka haka, sai ka manta da maganar gas shekaru.

To, Yayanku. Cutarka yake yi? Ban ga alama ba. Macuci ba ya karɓar kuɗin gas kawai. Da cuta ya so, da tun zuwan farko ya ce kwamfireso ya mutu, ya tura ka Ƙofar Ruwa ka sayo wani, ya riƙe naka. Abin da na fi zato shi ne ya duba waje bai ga yoyo ba, ya san saura ibaforeta, ya kuma san abin da hakan ke nufi: a kwance dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda ko fiye, ga kuɗin kaya. Ya dubi mijin ƙanwarsa da bai daɗe da sayen ragon suna ba, ga hidimar jego, bakinsa ya yi nauyi. In ya faɗi kuɗin aiki, a ce ya ci da suruki. In ya yi kyauta, yininsa da na yaransa ya tafi. Sai ya zaɓi abin da zai sallame ka cikin minti goma kowa ya rabu da kowa da fara'a. Kana jin nauyinsa, yana jin naka, motar kuma tana ta zuba a tsakaninku. Yana iya yiwuwa kuma ko kallon motar bai yi da kyau ba, yara ya ce su ɗura maka, don aikin 'yan uwa a gareji sau da yawa shi ake bari a ƙarshe.

Wannan bai wanke shi duka ba. Mai sana'a, tun zuwa na biyu ya kamata ya zaunar da kai ya ce akwai huda. Ya yi sakaci a nan. Amma kai ma sau uku kana karɓar mabuɗi kana godiya ba ka ce komai ba, ta ina zai san abin ya dame ka har kana tunanin gwangwani?

Ɓoyon da kake shirin yi kuwa ba zai ɓoyu ba. Maiɗakinka za ta ga gwangwani. Ranar da abin ya ƙwace maka, kuma zai ƙwace, wurin wa za ka kai? Yana jona geji zai san an taɓa, in ka zuba mai toshe yoyo ma har kayan aikinsa zai ɓata. A lokacin maganar ta tashi daga "mota na yoyo" ta koma "bai yarda da ni ba", kuma wannan ta fi wuyar gyara.

Ka je masa da safe kafin gareji ya cika, ko ka same shi a gida bayan la'asar. Ku gaisa sosai, ka ba shi labarin ɗansa. Sannan ka ce, "Yaya, motar nan ina jin yoyo take, kwanakin sai raguwa suke. Ina so a bincika a gano wurin, ko da dashbod za a sauke. A faɗa mini kuɗin kaya in shirya, kuma na yara a wuyana yake, don Allah kada a ce a'a." Ba zargi a ciki, ba ka koya masa aikinsa ba, kuma ka cire masa ƙayar da ta hana shi magana. Ka dage kan biyan kuɗin aikin. Zai ƙi, ka ce na yara ne, ka damƙa wa babban yaronsa in ta kama. Aikin da aka yi maka kyauta ba ka da bakin cewa bai yi ba, wanda ka biya kuwa kana iya komawa gobe ba kunya.

In ya ce ba shi da naitirojin ko injin zuƙe iska, ka ce ya haɗa ka da wanda ya yarda da shi. Masu sana'a suna tura wa juna aiki kullum, kuma motar da ta je wani gareji da sallamarsa ba ta ci masa fuska ba, girma ma ta ƙara masa. Maiɗakinka kuma ka gaya mata abin da ake ciki, amma kada ka aike ta da ƙorafi wurin yayanta. Mace mai jego ba ta buƙatar zama 'yar aike tsakanin mijinta da gidansu a kan bututu.

In kuɗin bai samu wannan watan ba, kashe maɓallin esin gaba ɗaya har a gyara, kada ka riƙa kunna shi yana kamawa yana saki. Zuwa asibiti ko rigakafi ku fita da sassafe, ka nemi inuwa ka ajiye mota, ka buɗe ƙofofi zafin ya fita kafin a shigo da yaro, kuma ko sayen ruwa za ka tsaya kada a bar shi a ciki. Kafin ka tafi wurin Yaya, ɗauki hoton 'yar takardar nan ta ƙarƙashin bonet a wayarka. Ranar ɗuri ka tsaya kusa da sikelin.